Hannun da Baba Ya Hana Ni

Mahaifina wanzami ne, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. A unguwarmu cikin Birnin Damagaram da wuya ka sami magidancin da Baba bai taɓa riƙe kansa ba. Yana aski, yana kaciya, yana cire beli, amma abin da aka fi saninsa da shi ƙaho ne. Da bazara ta kama, duwatsun Birni suka fara huro wa mutane zafin da suka sha da rana, sai ka ga dattawa sun jeru a zaurenmu, riguna a kafaɗa, kowa yana jiran a zo kansa ya ba da ƙeya.

Na ga aikin nan sau ba adadi. Zai wanke wurin ya aske shi, ya kafa ƙahon, ya zuƙe iskar da bakinsa, ya toshe ɗan ramin da danƙo. In an jima ya cire, fatar ta tasa, sai ya yi 'yan tsage ƙanana da aska ya sake kafawa. Da ya cire na biyu sai ya juye abin da ya taru cikin wata tsohuwar tasa mai yashi. Jinin yakan fito baƙi, a dunƙule kamar hanta. Baba ya miƙa tasar gaban mai shi ya ce, "Ka gani? Mataccen jini. Shi ne ya kwanta maka a ƙeya." Mutum ya leƙa, ya yi ajiyar zuciya, ya rantse har ya ji kansa ya yi sakayau.

Ni ne ɗansa na fari, kuma namiji ɗaya tal cikin mata huɗu. Kowa ya ɗauka ni zan gaji zabira. Amma lekol, wato makarantar boko, ta ɗauke ni, Baba kuma bai hana ba. Shi da kansa yake aske ni ranar komawa aji, ya ce kada a ce ɗan wanzami ya zo da kai kamar sheƙar tsuntsu. Na yi karatu har na zama malamin kimiyyar halittu, aka fara tura ni koyarwa Takieta.

Cikin duk abin da nake koyarwa babu darasin da nake so kamar na zagayawar jini. Nakan shiga aji da alli ja da shuɗi, in zana zuciya da ɗakunanta huɗu, in ce wa yara kowa ya dunƙule hannunsa, to girman tasa ke nan. In nuna musu yadda ɓangaren dama yake tura jini huhu ya ɗauko iska, ya dawo ɓangaren hagu, na hagu kuma ya watsa shi ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Jijiyoyin da ke fita da shi masu kauri ne, suna harbawa. Masu dawo da shi masu laushi ne, ba sa harbawa, kuma a cikinsu akwai 'yan ƙofofi da ba sa barin jini ya koma baya. Tsakanin waɗannan da waɗancan akwai wasu da suka fi gashi siranta. Abin yana burge ni har yau. Sai dai ina da wani hali, gara in faɗe shi tun yanzu: idan na san abu, ba na samun sukuni sai kowa ya san na sani.

Shekarar da na fara aiki na zo gida Babbar Sallah, ina da shekara ashirin da biyar, kaina cike da karatu. A wurinmu in an yanka rago a kan feɗe shi a shimfiɗa a jikin itace, a jera kewaye da wuta, ba mai taɓa shi sai washegari. Ranar Sallar kayan ciki kawai ake soyawa. Bayan azahar abokan Baba suka taru a zaure kamar yadda suka saba, su shida ko bakwai. Cikinsu akwai wani tsohon baduku, aminin Baba tun suna yara. Ya riƙa matsa bayan wuyansa yana cewa da an gama hidimar Sallah zai zo a cire masa mataccen jinin nan, ya dame shi.

Dariya na yi. Ba ƙaramar dariya ba, irin wadda ke sa kowa ya juyo.

Baduku ya ce, "Ɗana, lafiya?"

Na ce, "Baba, ai babu wani abu wai shi mataccen jini. Ku dakata in nuna muku."

Na shiga cikin gida. Iya, mahaifiyata, tana tsugune tana yanka hanta da huhu, na sa hannu a kwanon na ɗauke zuciyar ragon kafin wuƙa ta kai kanta. Ta bi ni da ido. Na ɗora ta a faranti na kawo zaure. Sannan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya ta rufe ni: na jawo zabirar Baba da ke rataye, na zaro askarsa ta ƙaho, na tsaga zuciyar da ita.

Na buɗe musu ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Na nuna musu kaurin bangon hagu, na ce saboda shi ke tura jini nesa. Na zuba ruwa daga buta ta babbar jijiya, 'yan ƙofofin suka rufe suka riƙe ruwan, tsofaffi suka matso suna leƙe. Wani ya ce, "Ikon Allah!" Wannan ya ƙara min ƙarfi. Na ce musu jini ba ya kwanciya a ko'ina, cikin kamar minti guda ya zagaye jiki ya dawo. Na ce baƙin da suke gani a tasa jini ne da ya sauke iskarsa yana kan hanyar komawa, lafiyarsa lau. Daskarewa kuwa, kowane jini in ya fito haka yake yi, su je su duba ramin da aka yanka ragon nan da safe. Na ce, "Abin da ake cire muku jini ne mai kyau. Asararsa kawai kuke yi."

Zauren ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka shirun gamsuwa ne.

Baba fari ne, irin farin da jijiyoyi ke bayyana kore a jikinsa, kuma aiki ya sa na hannunsa sun taso kamar igiya. Akwai wani gwaji da nake yi wa yara: a ɗaure damtse, a danne jijiya da yatsa ɗaya, a share jinin sama da ɗayan, sai jijiyar ta kwanta ta ƙi cika har sai an ɗaga yatsan ƙasa. Nan take mutum zai ga jini hanya ɗaya yake bi. Ban taɓa ganin hannun da ya dace da gwajin nan kamar na Baba ba. Na ce, "Baba, kawo hannunka su gani." Ban ma jira ba, na kama wuyan hannunsa na dama.

Bai fizge ba. A hankali ya zare shi, ya sa cikin riga. Ya ce, "Hannuna ba tablo ba ne, Mushe." Ya ɗauki askar daga farantin, ya goge ta da gefen zanen aski, ya wasa ta a fata sau uku ko huɗu, ya mayar zabira. Sannan ya ce, "Mun gode da karatu. Kai wa uwarka namanta."

Tablo allon aji ne, Mushe kuma shi ne abin da 'yan lekol ke kiran malaminsu. Daga ranar nan Baba bai ƙara kirana da wani suna ba.

Abin da na faɗa gaskiya ne, har gobe shi nake koyarwa. Kuma bai rage wa Baba ko mutum ɗaya ba. Kwana uku bayan Sallah baduku ya zo ya ba da ƙeya, ya tashi yana cewa ya ji sakayau. Na koma Takieta ina ganin na yi jihadi. Daga baya aka dawo da ni Damagaram, na yi aure, na kama gida a Sabon Gari. Kullum da yamma nakan biya Birni in gaishe su. A wurinmu ɗa ba ya miƙa wa uba hannu, durƙusawa yake yi daga nesa, saboda haka babu wanda ya lura cewa shekaru suna wucewa fatata ba ta taɓa tasa ba. Shi ya yi wa 'ya'yana askin suna. Ni kuwa na koma wurin masu aski da inji, bai tambaye ni dalili ba, ban faɗa ba.

Shekara goma bayan Sallar nan Baba ya fara tashi da ciwon kai, a ƙeya, tun da asuba. Ya ce kunnensa na kuka. Wani lokaci ya riƙa kore ƙudajen da babu su a gaban idonsa. Sau biyu ya yi haɓo har ya ɓata riga. Ga shi mutum ne mai son gishiri, kilishi ba ya wuce shi, shayinsa kuwa sai ya yi baƙi ƙirin. Ƙari a kan haka, kullum da ɗan guntun kanwa a aljihunsa, irin wadda dangin Iya ke aiko mata daga gabas, yana tsotsa wai tana gyara masa ciki. Na san abin da nake kallo. Idan jijiyoyi suka tsufa suka yi tauri, zuciya sai ta ƙara ƙarfi kafin ta tura jini, jinin ya riƙa dukan bangonsu dare da rana. Manyan jijiyoyi sukan jure. Amma cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙanana, wata rana ɗaya takan gaji ta fashe, kamar tsohon tiyo ranar da ruwan pampo ya dawo da ƙarfi.

Baba ma yana da nasa bayanin. Jini ne ya yi masa yawa ya taru a ƙeya. Ranar kasuwa, Alhamis, ƙanensa da muke kira Baffa, wanda ke wanzanci a Hamdara, yakan shigo gari ya kafa masa ƙaho huɗu. Baba ya kwana biyu yana jin daɗi, ya ce ya warke. Abin da ke fita bai cika ƙaramin kofin shayi biyu ba, cikin wajen lita biyar da ke jikin mutum, kuma jiki yakan mayar da shi ba da jimawa ba. Jijiyar da ta yi tauri kuwa tana nan yadda take. Wannan jin daɗin na kwana biyu shi ya fi ba ni tsoro.

Na shiga farmasi na sayi abin awon tansiyo, wato hawan jini, mai ɗamara da allon lamba. Na kai Birni, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye a gabansa. Na ce, "Baba, minti biyu kawai. Damtse zan ɗaure."

Ya dubi abin, ya dube ni. Ya ce, "Yana da kyau. Auna na uwarka."

Na auna na Iya. Na auna na ƙannena mata. Kafin la'asar labari ya zagaye unguwa, matan maƙwabta suka cika tsakar gida, kowace ta naɗe hannun riga, har da wadda ta zo tambaya ko abin yana nuna ciki. Baba yana zaure yana kallon hanya, hannayensa biyu cikin riga. Na sake gwadawa bayan mako guda, na sake bayan wata guda. Na yi lallashi, na yi faɗa, wata rana har na ce masa taurin kai ne zai kashe shi. Ya ce, "To, Mushe ya faɗa." Na roƙi wani abokina majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya je ya gwada tasa dabarar. Baba ya tare shi da fara'a, ya sa aka dafa masa shayi, ya ce ai bai kamata babban ma'aikaci ya riƙa yawo da irin wannan sumar ba. Majo ya shiga da abin awo, ya fito da kai ƙwal kwabo, ko damtsen Baba bai gani ba.

Iya Babarbariya ce, kuma kasancewata ɗan fari ba ta kama sunana. Wata yamma cikin watan Maris na same ta a ɗaki tana haɗa turaren wuta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai wannan, zauna. Kana da karatu amma ba ka da wayo."

Na zauna.

Ta ce, "Ka je ka ce masa kanka na ciwo. Ka zauna gabansa a zaure, gaban mutanen da ka kunyata shi, ka ba shi ƙeya. Ƙaho biyu ya isa. Wallahi in ka ba shi ƙeyarka zai ba ka hannunsa. Shekara arba'in ina zaune da shi, na san shi."

Na ce, "Iya, in yi ƙarya ke nan? In yarda da abin da na san ba haka yake ba?"

Ta ce, "Wa ya ce ka yarda? Cewa na yi ka zauna."

Gaskiyar abin da ya hana ni ba ƙaryar ba ce. Malami in ya juya yana rubutu a allo, ƙeyarsa aji ke kallo. Na hango yara sittin suna kallon shatin ƙaho biyu a wuyan mutumin da ya gama ce musu babu mataccen jini. Na hango sunan da za su laƙaba min, don na san su, ba su da imani. Na faɗa wa Iya haka. Ta ce in sa rawani mana. Na ce a'a, zan yi, amma sai an ba da babban hutu, yadda tabon zai baje kafin a koma aji. Ta ƙirga da yatsu, wata uku da wani abu. Ta ce, "Allah Ya kai mu," ta ci gaba da aikinta.

Bai kai mu yadda na tsara ba. Cikin watan Afrilu, da hantsi, ina tsaron jarrabawa, ƙanwata ta kira ni a waya tana kuka. Baba yana cikin yi wa wani aski askar ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya tafi gaba ɗaya.

Na iske su a asibiti. An kwantar da shi, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe. Wata ma'aikaciya ta ɗaga hannunsa na dama, ta naɗa masa ɗamarar awo, hannun ya bi ta kamar tsumma. Ta ce, "Ashirin da uku." Na lafiyayyen mutum sha biyu ne ko sha uku. Baba bai dubi ma'aikaciyar ba, ni yake kallo. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin dama ya mutu. Ya fara yi min bayani dalla-dalla, na ce na gane. Ya ce, "Tun yaushe yake da tansiyo? Yana shan kinin, ƙwayar maganinsa?" Na ce ba a taɓa auna shi ba. Ya ce, "Kai ɗansa ne? Wane aiki kake yi?" Na ce koyarwa. Ya ce, "Me kake koyarwa?" Na yi kamar ban ji ba.

Bayan mako uku muka dawo da shi gida. Ba ya tafiya, magana kuma sai kalma ɗaya ko biyu, da ƙyar. Kullum da safe kafin in tafi aji nakan biya in ba shi ƙwayarsa in auna shi. Majo ya ce in riƙa aunawa a hannun hagu, mai lafiyar. Ranar farko da na kai hannu, Baba ya janye shi ya cusa ƙarƙashin mayafi. Na zagaya ɗaya gefen na ɗauki na dama, wanda ba zai iya hana ni ba. Shekara goma sha ɗaya ina neman hannun nan, ga shi na samu, amma ba shi ya ba ni ba. Ina jin wannan a raina kowace safiya, kamar na shiga ɗakinsa sata.

Hannun da ɗumi. Na ɗora yatsa a wuyansa na ji yana harbawa daidai, jini yana zuwa yana komawa, ba ruwansa da cewa mai hannun ya daina jinsa. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata safiya ɗamarar ta matse damtsen, jijiyoyin suka taso kore, sai kawai na ga yatsuna sun danne ɗaya sun share ta sama. Ta kwanta, ta ƙi cika, daidai kamar yadda yake a littafi. Na ɗaga yatsan ƙasa ta cika. Da na ɗago, Baba yana kallon yatsuna. Na kwance ɗamarar na fita bayan gida na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Na tsani kaina ranar nan.

Da aka ba da hutu, hadari ya fara haɗuwa a gabas, na je wurin Iya na ce lokaci ya yi. Ta dube ni ta ce, "Yanzu?" Amma ba ta hana ba. Na aika wa Baffa a Hamdara, na bi abokan Baba gida gida. Cikin shida ko bakwai ɗin da suka ga zuciyar rago, uku suka rage, har da baduku. Da la'asar muka ɗauko Baba muka jingina shi da bango a zaure. Baffa ya aske min ƙeya. Na tuɓe riga, na zauna na ba Baba baya. Na ce, "Baba, kaina ke ciwo. A taimaka min." Kuma ba ƙarya na yi ba, watanni biyu ke nan ina tashi da shi.

An daɗe ban ji komai ba. Sannan na ji sanyin bakin ƙaho a wuyana. Baffa ya sa wa Baba shi a hannun hagu, ya tallafo shi gaba. Na ji numfashinsa a fatata. Ya kama kan ƙahon da leɓe ya zuƙa, iskar ta zurare ta gefen bakin da ya mutu. Ya sake, yawu ya zubo min a kafaɗa. A na uku ƙahon ya kuɓuce ya gangara har bakin ƙofa. Babu wanda ya tashi ya ɗauko. Baduku ya ce, "A bari sai ya ƙara jin ƙarfi."

Zan tashi ke nan na ji hannun hagun Baba a wuyana. Yatsu biyu suka lalubo ƙarƙashin muƙamuƙina, inda babbar jijiya ke harbawa, suka tsaya. A take na tuna wani abu da karatu ya binne min. Ina ɗan shekara bakwai ya taɓa kama yatsana ya ɗora a daidai wurin nan, sannan a gefen goshi, ya ce, "Ka ji yana tsalle? Duk inda ka ji haka, aska ba ta zuwa." Shekara arba'in da wani abu yana tsaga fatar mutane, ba a taɓa jin wanda jini ya ƙwace masa a hannunsa ba. Shi ya fara nuna min abin da na zo ina koya masa a faranti.

Ya daɗe yana saurare da yatsunsa. Sannan ya haɗa duk ƙarfin da ya rage masa ya ce, "Ka... je... likita."

Na je washegari. Sha takwas aka samu. Tun ranar nake shan ƙwaya kowace safiya.

Baba bai ga kaka ba. Wata jijiyar ta sake fashewa, ya cika bayan sallar asuba, ranar wata Talata da aka kwana ana ruwa. Sai da hantsi ya yi sosai aka yi masa wanka, don an jira Baffa ya iso daga Hamdara, hanya ta yi laka. Ni da Baffa muka shiga. An ce ba a faɗin abin da aka gani wurin wankan mamaci, amma wannan ba aibi ba ne, kowa haka zai yi. Da muka juya shi, na ga bayansa da ƙeyarsa sun yi duhu. Na san dalili, yana cikin littafin da nake koyarwa: in zuciya ta tsaya, jini yakan gangara ƙasa ya kwanta. A farar fatar Baba abin ya fito sosai, ƙarƙashin tsofaffin tabon ƙahonsa. Wannan ne karo na farko da na ga mataccen jini, kuma a ƙeya yake, daidai inda ya ce yana kwanciya.

Na tsaya ina kallo, butar ruwa a hannuna. Baffa ya ce, "Ajiye butar nan, riƙe masa hannun."

Na riƙe.